Ba Kowane Ƙaramin Abu Ne "Trivial" Ba

A takardar farko ta jarrabawar Turanci ta WAEC, wadda ke ɗauke da tambayoyi 80 masu zaɓin amsa, akwai sashen da ake ja wa kalma layi a ce ɗalibi ya nemo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. JAMB ma haka take yi. Saboda wannan sashe, malamai da dama sun mayar da darasin kalmomi hadda zalla. Sai a rubuta "trivial" a allo, a jera mata "minor" da "petty" da "negligible" da "frivolous", a ce duk abu ɗaya suke nufi, wato maras muhimmanci. Yaro ya haddace, ya ci makinsa. Asiri yana tonuwa ne a takarda ta biyu, inda ake so ya rubuta wasiƙa ko insha'i na kalmomi kusan 450, daga baya kuma a ofis, ranar da aka miƙa masa alƙalami aka ce ya amsa wasiƙar wani.

Waɗannan kalmomi biyar 'yan gida ɗaya ne, amma kowace da ɗakinta, kuma Bahaushe ya fi kowa cancantar gane haka. Ƙaramar Sallah ƙarama ce, amma wa zai ce banza ce? Ƙaramin minista, ƙaramar hukuma, ƙaramin asibiti, babu raini a ko ɗaya, girma ne kawai aka auna. Da zarar an ce magana "ba a bakin komai take ba", ko "shirme ce", an daina awo an koma yanke hukunci. A nan "trivial" take zaune. Wanda ya furta ta yana cewa ne abin bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Asalinta ma daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin mararrabar hanyoyi uku, wurin da kowa ke bi, inda babu abin da ke da wata daraja ta musamman.

Shi ya sa ake cewa "They quarrelled over a trivial matter", sun yi faɗa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ana kuma cewa "It may seem trivial, but it matters", ko "too trivial to mention". Duk daidai ne. Amma ma'aikacin da ya amsa wa mai ƙorafi da "We have received your trivial complaint", yana zaton ya ce ɗan ƙaramin ƙorafi, to ya zagi mutumin a rubuce, da hatimin ofis a kai. Ma'aikaciyar jinya da ta rubuta "minor injuries" ta ce raunin ba mai tsanani ba ne, kuma za a yi masa magani. Da "trivial" ta rubuta, da ta nuna kamar zuwan ma bai kamata ba.

"Petty" tana da fuska biyu. A "petty trader" da "petty cash" babu aibi, mai ɗan tebur ne da kuɗin ƙananan hidimomin ofis. Amma in an ce wa mutum "You are petty", an ce masa mai ƙaramar zuciya, mai riƙo a kan allura. "Negligible" ta lissafi ce, adadin da za a iya watsarwa jimla ba ta motsa ba.

Wadda ta fi jawo ruɗani a Najeriya ita ce "frivolous", kuma ta taɓa shiga zauren majalisa. A ƙarshen 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah na Kebbi ta Kudu ya gabatar da ƙudurin hana shigar da ƙorafe-ƙorafen da ake kira "frivolous petitions", wanda jama'a suka ɗauka a matsayin yunƙurin toshe bakin masu amfani da kafafen sada zumunta, har Majalisar Dattawa ta janye shi a watan Mayun 2016. A bakin lauyoyi kalmar ba ta nufin ƙanƙanta. Tana nufin rashin tushe. Ƙarar biliyoyin naira tana iya zama "frivolous" in babu hujja, ƙarar naira dubu biyar kuma tana iya tsayawa daram. Wanda aka koya wa cewa ita da "trivial" ɗaya ne, bai fahimci abin da aka yi ta jayayya a kai ba a wancan lokaci.

Akwai kuma nahawu, ko da yake shi ne mafi sauƙi. Sifar Hausa tana bin jinsi da adadi: ƙarami, ƙarama, ƙanana. Ta Turanci ba ta motsi, don haka "trivial matters" ne, ba a ƙara wa sifar harafin jam'i. Wajen kwatanci "more trivial" ake cewa. Kuma tana zuwa kafin suna, ko bayan "is" da "seem".

Za a iya cewa malami mai ɗalibai fiye da ɗari a aji, ga jarrabawa a gaba, ba shi da sararin wannan fashin baƙi. Uzuri ne na gaskiya, kuma babu mai adalcin da zai ɗora wa malamin laifin cunkoso. Sai dai gyaran bai fi haddar tsada ba. Kalma biyar a jimla goma sun fi kalma hamsin a jere amfani, har a jarrabawar kanta, domin sashen cike gurbi yana gwada wace kalma ce ke tafiya da wace. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. A. S. Hornby, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana koyar da Turanci a Japan, ya lura cewa ɗalibansa sun san ma'anoni amma ba su iya haɗa jimla ba. Ƙamus ɗin da ya tsara shi da abokan aikinsa, wanda ya fito a Tokyo a 1942, Oxford kuma ta buga shi a 1948, ya ginu ne kan misalan jimloli. Shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary da ake gani a shagunan littattafai na Kano da Zariya, wanda yanzu ake buɗewa kyauta a waya. Abin takaici, yawancin ɗalibai layin ma'ana kawai suke karantawa, su tsallake misalan da ke ƙarƙashinsa, alhali nan ne aikin yake.

Gyara na biyu ya fi buƙatar ƙarfin hali daga shugabannin makarantu. Har yanzu akwai inda ake cin tarar yaro ko a hore shi in ya yi Hausa a aji. Amma malamin da ya tsaya minti biyu ya tambayi aji bambancin "ƙaramin laifi" da "maganar banza" da "ƙarar da ba ta da tushe", ya gama rabin darasin, domin yaran sun zo da bambancin daga gida. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗora kowace kalmar Turanci a kan tata, sannan ya sa kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku: ɗaya ta asibiti, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta kotu, a karanta su a bainar aji a gyara tare.