Kuɗin Jagora Ake Biya, Hasken Ba Na Sayarwa Ba Ne

Kakana bafatake ne, shi ya sa a gidanmu na Kano ba a hirar tafiya a tashi ba a ambaci madugu ba. Madugu bai taɓa sa rijiya ta kawo ruwa ba. Abin da ya sani shi ne inda rijiyar take, da zangon da ayari zai kwana lafiya. Wannan ce ta faɗo mini a rai wani dare cikin watan Fabrairu, ina tsaye cikin dusar ƙanƙara a arewacin Finlan, ina jiran hasken da sau biyu na biya kuɗi domin in gan shi.

Aiki ne ya kai ni Tromso, birnin da ke can ƙuryar arewacin Norwe, inda daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan. A wannan sanyin ne baƙi ke tururuwa daga ko'ina don ganin abin da mutanen garin ke kira nordlys, wato hasken arewa, masana kuma su ce aurora. Rana ce ke feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Maganaɗisun duniya ya karkatar da su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar oksijin da naitrojin a nisan kilomita 100 ko fiye daga ƙasa. Karon ne ke haifar da hasken, galibi kore, can sama kuma ja. Wani ɗan Norwe, Kristian Birkeland, shi ya yi fice wajen bayyana wannan tun farkon ƙarni na 20.

Duk yammacin Allah za ka ga motocin masu kai mutane kallo sun jeru a bakin tashar ruwa. Daren farko na bi wani babban kamfani da tallarsa ta yi alkawarin cewa lallai za mu gani. Aka cika babbar mota da mu, aka kai mu wani fili da ba shi da nisa da gari, aka ba mu shayi. Gajimare ya rufe sama ruf, ko tauraro ɗaya babu. Muka yi awa huɗu muna kallon duhu. Da na nemi a cika alkawari, sai aka nuna mini ƙananan rubutu a ƙasan takarda: in sake zuwa wani daren kyauta. Yawancin waɗanda ke motar washegari jirginsu zai tashi. Akwai wata tsohuwa da ta ce shekaru ta yi tana tara kuɗin tafiyar, kuma har yau ina jin ciwon yadda ta hau mota shiru.

Bayan mako guda na bi wani dattijo mai ƙaramar mota, mu takwas. Kafin ya tada mota ya ce mana: “Ban yi muku alkawarin haske ba. Alkawarina in kai ku inda sama take a buɗe, in dawo da ku lafiya.” Ya ba kowa rigar sanyi mai haɗe da wando da takalma masu kauri. Yana tuƙi yana tsayawa ya duba taswirar gajimare, ya kira abokan aikinsa ya ji yadda sama take a wajensu. Muka bi hanyar E8 zuwa Skibotn, kwarin da duwatsu ke tare masa hadarin teku. Da ya ga nan ma ba ta yi ba, ya haura da mu muka tsallaka iyaka zuwa Kilpisjarvi a Finlan. Ya hura wuta, muka zauna.

Wajen ƙarfe goma sha biyu wani abu ya bayyana kamar hayaƙi fari-fari. Da ba don ya nuna mana ba, da na ɗauka gajimare ne. Sannu a hankali ya rikiɗe kore, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ya fara kaɗawa kamar zane a kan igiyar shanya. Babu abin da ya fito daga bakina sai tasbihi.

Ra'ayina ke nan: jagora na gari ya cancanci kuɗinsa, mai sayar da tabbaci kuwa cin amana yake yi. Wasu na cewa ai wayar hannu ta wadatar, tunda akwai manhajojin da ke nuna ma'aunin Kp, mai auna motsin maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9. Amma Tromso tana ƙarƙashin zoben da hasken ke yawan bayyana, ko ma'aunin yana ƙasa ana iya ganinsa. Matsalar gajimare ce, shi da ke kusa da kawunanmu ya tare abin da ke can sama. Sanin kwarin da zai buɗe da tsakar dare, da iya tuƙi a kan titin da ya daskare, wannan na mai ɗaki ne, shi ya san inda yake masa yoyo. Na sha ganin baƙi sun yi hayar mota sun tsaya a tsakiyar hanya cikin duhu suna ɗaukar hoto, suna jefa kansu da wasu cikin haɗari.

Jagora na gari kuma yana faɗin gaskiya game da hoto. Kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi, ta fito da launin da ido ba kullum yake gani ba. Wanda ya je yana tsammanin abin da ya gani a Instagram zai iya raina abin da Allah ya nuna masa. Haka nan dattijon ya hana mu kutsawa makiyayar mutanen Sami, masu kiwon wata irin barewa da ake kira rendiya. Wanda ya tashi a ƙasar da ake kiwo ya san haƙƙin makiyayi ba sai an yi masa bayani ba.

Tun bayan guguwar rana ta 10 ga Mayu 2024, wadda ta sa aka ga hasken har a Meziko, tallace-tallacen masu kai mutane kallo suka yi yawa. Ƙarfin rana yana hawa da sauka a zagayen kusan shekara 11, kuma a Oktoba 2024 hukumar NASA ta sanar cewa ya kai ƙololuwa. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai da Kanada su ma sun fara tambayata, wasu na shirin zuwa Abisko a Suwidin, wasu Yellowknife a Kanada.

Amsata ɗaya ce gare su. Ku je tsakanin Satumba da Maris, ku ware aƙalla dare uku ko huɗu, kada ku ɗora dukkan burinku a kan dare ɗaya. Ku tambayi mutum nawa ne a motar, da iyakar nisan da direba zai yarda ya je, da ko yana da izinin ɗaukar fasinja. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta sayen sama. Wanda ya ce muku bai san ko za a gani ba, amma ya san inda zai nema, shi ne madugu, ku bi shi. Wanda ya rantse muku cewa lallai za ku gani, ku riƙe kuɗinku.