In Iska Ta Tsere Daga Ganga

Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba Amurkawa izinin dafa giya a gida a 1978, kuka ɗaya masu yin ta suke ta maimaitawa: a murɗa famfon ganga a tarar abin ya lafa, babu kumfa, wahalar makonni tana neman tashi a banza.

Dalili kuwa shi ne iskar kabon-dayoksaid ta sulale. Tun 1803 masanin Ingila William Henry ya nuna cewa gwargwadon matsi, gwargwadon iskar da ruwa ke riƙewa. Sanyi kuma yana ƙara masa riƙo.

Saboda haka gwanaye sukan fara ɗura iska kaɗan, su shafa ruwan sabulu a bakin murfi. Inda ya yi kumfa, nan roba ke yoyo, sai a sauya ta. Sa'an nan a sanyaya ganga zuwa digiri 3 na Salsiyas, a haɗa ta da tukunyar iska a matsin fam 12 kan kowane inci murabba'i, a jira mako ɗaya ko biyu.

Mai gaggawa da ya ƙure matsi yana girgiza ganga, sau da yawa kumfa zalla yake tsiyayowa. Sauri ya haifi nawa.