Ƙwaƙwalwar Mota Ba A Taɓa Ta Da Ka

Lokacin da muke yara, bakanike a Kakuri da kunne yake aiki. Tun 1975 da kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a unguwar, makanikanmu sun san Fijo 504 ciki da bai. Sai mutum ya kasa kunne, ya ɗan murɗa kafireta da sukudireba, injin ya daidaita.

Motocin yanzu ba su da kafireta. Wata 'yar kwamfuta ce, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, take auna mai da iska, take kuma faɗa wa fulogi lokacin ba da wuta. Kafin fetur ya ƙone sarai, kashi 1 nasa yana bukatar kashi 14.7 na iska, bisa nauyi.

To, ga abin da ya dame ni. Wasu samarinmu sukan sayi mota mai gudu, su canja mata salansa, sa'an nan su jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, su sake lissafin ƙwaƙwalwar da abin da suka kwaso a intanet. Gaskiya ne, motar takan ƙara ƙarfi. Amma waɗanda suka ƙera ta ba wawaye ba ne. Da gangan suka rage mata wani ƙarfi saboda zafi irin namu na watan Maris, da kuma gurɓataccen mai. In mai ya yi kaɗan, ko wuta ta zo da wuri, fistan yakan narke, injin ya buga. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Gwanayen wannan aiki sukan ɗora mota a kan na'urar auna ƙarfi, su canja kaɗan, su auna, su sake canjawa. Sukan kuma duba birki da taya, gama ƙarfin da birki ba zai iya tsayarwa ba, ajali ne. Hanyar Kachia ba filin tsere ba ce. Ku tuna da 'yan makaranta da mata masu talla a Sabon Tasha.

Ya ku ɗalibai, ban ce ku guji aikin ba. Cewa na yi ku koye shi daga tushe. Lissafi da kimiyyar da kuke hamma a kansu, su ne sufanar bakaniken gobe. Rashin sani ya fi dare duhu.