Marubuci Da Yaren 'Yan Waya

Kwanakin baya 'yata ta karanta sabon littafina, ta ce, "Mama, samarin cikin labarinki suna zance kamar kakanninmu." Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ta faɗa. Sai da ta fassara mini "yin wuff" da "cin taliyar ƙarshe" kafin na gane hirar ƙawayenta.

Da can shirme na ɗauki abin. Zanga-zangar EndSARS ta 2020 ce ta sauya mini tunani. A Twitter matasa suka hura wutarta, kalmar Yarbanci "soro soke", wato ɗaga murya, ta zama takensu, har aka rushe rundunar SARS ranar 11 ga Oktoba. A 2021 namu yaran suka tayar da NorthIsBleeding kan kashe-kashen 'yan bindiga. Ashe da yaren da suke raha, da shi suke kuka.

Don haka 'yan'uwana marubuta, mu saurare su, mu koya. Amma kada mu cika littafi da shi, domin kalmar da ke tashe bana, baɗi ta zama tsohon yayi. Mu ɗauki kukan, mu rubuta shi da Hausar da jikokinsu za su gane. Allah ya sa mu dace, amin.