Kafin Mai Zanenmu Ya Cike Fom Ɗin Digiri Na Biyu



Wannan makon za mu leƙa gidan maƙwabtanmu masu zane, domin duk littafin da muka rubuta, bangonsa mai saye ke fara gani. Idan matashi daga Shinkafi, Zurmi ko Ƙauran Namoda ya ƙware a zanen fenti har yana son ƙaro digiri na biyu, da me zai auna makaranta? A ganinmu ya fara duba malami da ɗakin zane, sunan jami'a ya biyo baya.

Wuri na farko da zai faɗo a rai shi ne Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma da dalili. A 1958, tun makarantar tana kwaleji, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarun Turawa, a haɗa su da fasahar gida. Daga baya Okeke ya koma Nsukka, ya ɗora koyarwarsa a kan uli, zanen gargajiyar Ibo.

Wannan shi ne ma'aunin. Mu ma muna da zayyanar allo, dagi, adon bangon soro, aikin hula da sassaƙar ƙwarya. Malamin da zai ɗauki waɗannan a matsayin abin nazari, ya matsa wa ɗalibi ya fitar da sabon abu daga cikinsu, shi ake nema. Wanda zai sa ka kwaikwayi hotunan Faransa da Italiya kawai, zai sallame ka da takarda amma hannunka ya zama na aro. Ga wanda iyayensa ke ɗari-ɗari da zanen masu rai kuwa, wannan gadon namu fili ne mai faɗi da zai yi aiki a cikinsa hankali kwance.

Sai a bambance kwasa-kwasan. MFA na mai son zama a ɗakin zane ne, ana kammala shi da baje kolin ayyuka haɗe da rubutaccen bayani. Digirin tarihin zane kuwa karatu ne da kundin bincike. Mai burushi da ya faɗa na biyun zai ƙare shekarunsa a laburare. Mu 'yan foliteknik kuma mu sani, mai HND galibi sai ya bi ta PGD tukuna, wato ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi.

Za a ce ai suna ke samar da aiki. Gaskiya ne suna na buɗe ƙofar koyarwa, amma mai sayen zane aikin da ke rataye yake kallo.

Lissafin ma sai an yi shi tun daga gida: kuɗin makaranta, haya, fenti, yadin zane, ga hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura da kowa ya san halin da take ciki. Wanda zai sayar da gona ko dabba don wannan karatu, bai kamata ya zaɓa da jita-jita ba. Gani ya kori ji. Ya je ya ga ɗakin zanen, ya kalli ayyukan waɗanda suka gama, ya tambaye su sau nawa malami ke zama da su, kuma shekara nawa suka ɗauka.

Ku miƙa wannan ga mai zanen da kuka sani. Allah Ya sa mu dace. Sai mun ji ra'ayoyinku.