SHARHI: Tauraron Barnard da duniyoyinsa huɗu: Me ya sa masana suka yarda a wannan karon?

A watan Maris na 2025 ne wasu masana ilimin taurari, ƙarƙashin jagorancin Ritvik Basant na Jami'ar Chicago da ke Amurka, suka tabbatar da cewa duniyoyi huɗu ƙanana na kewaya Tauraron Barnard. Ba a yi wa labarin shewa sosai ba, kuma akwai dalili: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan tauraro yana cikin jinsin da ake kira jajayen wadanni, wato ƙananan taurari masu rarraunan haske. Nisansa da mu tafiyar haske ce ta kusan shekara 6, kuma in aka cire taurari uku na Alpha Centauri, babu wanda ya fi shi kusa da Rana. Duk da haka ido ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa. An raɗa masa sunan Edward Barnard, wanda a 1916 ya auna saurin gusawarsa a sararin sama.

Sau biyu aka yi shelar an gano masa duniya, sau biyu maganar ta rushe. A 1963 Peter van de Kamp ya ce ya ga tauraron yana tangaɗi, alamar wata ƙatuwar duniya kamar Jupiter na fizgarsa. Shekara 10 bayan haka bincike ya nuna cewa gyaran da aka yi wa madubinsa ne ya haifar da tangaɗin. Mutumin ya rasu a 1995 bai janye ba. A 2018 kuma wata tawaga ta sanar da duniya mai kammala zagaye a kwana 233; zuwa 2021 aka gane cewa tabon da ke fuskar tauraron ne ya ruɗi na'urori.

To me ya sauya? Har yanzu babu wanda ya ga duniyoyin da ido ko a hoto, don haka ba a kai ga gani ya kori ji ba. Abin da ake aunawa shi ne yadda nauyinsu ke sa tauraron ya ɗan matso ya ɗan ja baya, da saurin kimanin rabin mita a daƙiƙa ko ƙasa da haka. Mai tafiya a ƙasa ya fi shi sauri. Bambancin shi ne an samu shaidu biyu da ba su haɗa baki ba. Na'urar ESPRESSO da ke Chile ta tabbatar da duniya ɗaya a Oktoban 2024, ta kuma yi zargin akwai wasu uku. Na'urar MAROON-X da ke Hawaii, wadda wasu mutane dabam ke sarrafawa, ta samu alamun a nata awon. Da wuya kuskuren na'ura ɗaya ya maimaita kansa a ɗayar. Irin wannan shaida ta biyu ce van de Kamp ya rasa.

Sai dai mai fatan samun maƙwabta ya rage buri. Nauyin da aka ƙiyasta wa kowacce, a mafi ƙaranci, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin duniyarmu ba, kuma shekararsu tsakanin kwana 2 ne da kwana 7. Kusancin da suka yi da tauraron ya sa zafi ya yi musu yawa. An ƙiyasta na ɗaya daga cikinsu ya kai digiri 125 a ma'aunin Celsius. Zancen zuwa can ma bai taso ba, domin kumbon Voyager 1, a saurinsa na yanzu, zai shafe fiye da shekara 100,000.

Muhimmancin lamarin yana wani wuri. Kusan uku cikin kowane taurari huɗu na gungun da Rana take ciki jajayen wadanni ne. Idan akasarinsu na da ƙananan duniyoyi na dutse, to yawancin irin waɗannan duniyoyi a gindin jan haske suke. Tambayar da ta rage ita ce ko suna iya riƙe iska, tunda taurarin kan yi tartsatsi mai ƙarfi a ƙuruciyarsu. Madubin James Webb ya duba duniyoyi biyu mafi kusa da tauraron TRAPPIST-1 a 2023, bai ga alamar iska mai kauri ba. Na Barnard kuwa ba sa gittawa ta gaban tauraronsu daga inda muke, don haka wannan hanyar binciken a rufe take.