Sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba

Tun watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal na Zamfara ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. An gyara gine-gine, ciki har da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, kuma mun yaba. Amma mai shanyewar ɓarin jiki da aka ɗauko a bayan mota zuwa Bakura ko Maradun, jinyarsa ta gaskiya a zaure ko ɗakin uwargida take farawa, inda ba likita, ba nas. Can ne dokar ba ta kai ba tukuna. Kada a ƙara sallamar irin wannan majinyaci sai an rubuta lambar wayar mai jinyarsa, an saka masa bayani da muryar Hausa.

Abin da iyali ke bukatar sani ba ya da yawa, amma rai ya rataya a kansa. Hawan jini ne babban sanadin cutar, kuma wanda ta taɓa kamawa tana iya dawo masa, don haka ba a barin magani domin an ji sauƙi. A rage gishiri da magi. A riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada gyambo ya ci bayansa. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu, kada ya ƙware abinci ya gangara huhu. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. Watannin farko ne jiki ya fi karɓar gashi da motsa gaɓoɓi. Wa zai riƙe duk wannan a ranar sallama, hankali na kan kuɗin mota da tsaron hanya? Shi ya sa idan sati ya zagayo sai maƙwabta su ce iska ce ko jifa, a ajiye ƙwayoyin asibiti a koma ga hayaƙi da ƙaho. Addu'a ba ta hana shan magani, amma sai an sami mai tunatarwa.

Za a ce ƙauyuka ba sabis, mutane ba su da babbar waya. Da gaskiya a ciki, kuma ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Sai dai ƙaramar waya tana cin memori, kuma wa'azi da waƙoƙin siyasa suna isa kowane lungu ta hannun masu turi a kasuwar Talata Mafara. Hanyar da waƙar ɗan takara ta bi, darasin juya majinyaci ma zai iya bin ta. Inda akwai sabis, a tura bidiyo ta WhatsApp, nas ta kira sau ɗaya a mako, gidan rediyon jiha ya ware fili.

Bakura ta ba da Ahmad Sani, Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, Maradun ta ba da Bello Matawalle. Shekara ashirin ke nan 'ya'yan yankin suka yi a kujerar gwamna, amma har yau mai neman ƙwararren likita sai ya kama hanyar Gusau ko Sakkwato, hanyar da kowa ya san halinta. Mun gaji da jiran gini. Ma'aikatar lafiya ta sa wannan cikin ƙa'idar sallama kafin 29 ga Oktoba, ranar yaƙi da cutar ta duniya: lambar mai jinya, saƙon murya da Hausa, da kiran nas kowane mako.